Ranar da Muka Ciyar da Mai Lofe

Hoton nan da ke rataye a falo, wanda kuke nuna wa abokanku kuna cewa ga Babanmu da Bature tun kafin a san za a yi birni a nan, shi nake so in yi muku magana a kai. Shekara da shekaru ina jin kuna ba da labarinsa, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Na taɓa jin Sadiya tana gaya wa ƙawarta wai liyafa ce aka shirya don a girmama ni. Na yi shiru, har da ɗan gyara zama, don mutum ko ya tsufa ba ya ƙin a yabe shi. Innarku kuwa, Allah ya jiƙanta, duk ranar da ta zo goge wannan hoton sai ta kifa shi a kan tebur, ta bar shi a kife har sai na zo na mayar da shi da hannuna. Ba ku taɓa tambayar dalili ba, ni kuma na ji daɗin rashin tambayar. Yanzu ba ta nan, ni ma na san saura kaɗan, shi ya sa na ga gara ku ji daga bakina.

A shekarun yaƙi ne. Lokacin in ka ce Abuja, garinmu na can gindin dutse kake nufi, wanda daga baya aka canja wa suna. Duk nan da kuke ganin fitilu da titi mai hannu uku, daji ne da gonakin doya, Gwagwalada kanta 'yan rumfuna ne a bakin hanya. Wani kamfani ya samu aikin gada a kan wani rafi kusa da Paikon Kore, aka ɗauke ni tafinta saboda ɗan Turancin da na tsinta a makaranta. Na kwashi Innarku muka tare a can, a ɗaki biyu na jinka. Ina da shekara ashirin da wani abu, ina da farar riga mai aljihu da biro biyu a soke, ɗaya ma ba ya rubutu. In na bi ta cikin gari ana cewa ga Malam Tafinta, sai in ji kamar ni na kawo gadar.

Baturen da ke kan aikin, leburori suka sa masa Mai Lofe, don ba a ganinsa ba lofe a baki ko da babu taba a ciki. Zan faɗi gaskiya a kansa: ba mugu ba ne. Ba ya zagi, ba ya duka, in lebura ya ji ciwo shi da kansa yake ɗaure masa. Abu ɗaya ne ya gagare shi ganewa, wato kuɗinmu. Duk abin da ya saya sai ya juya farashin zuwa kuɗin ƙasarsu a ransa, sai ya fashe da dariya. Ranar kasuwa nakan raka shi, ya sayi kaza, ya sayi ƙwai cike da hula, ya sayi ƙwaryar kindirmo a wurin wata Bafulatana, sai ya juyo ya dafa ni.

"Garba, ka san abin da na biya duk wannan? A garinmu ko kuɗin motar zuwa aiki bai kai ba. Ku mutanen nan ba ku san a aljanna kuke ba."

Ni kuma in washe baki in ce haka ne, ranka ya daɗe. Ran Asabar abokansa sukan zo daga wasu wuraren aiki, su zauna a barandarsa. Su ma suna kukan tsada, kada ku ɗauka ba sa yi. Tsadarsu ita ce bota ta gwangwani ta yi wuya, cuku ba ya isowa daga Kaduna sai ya lalace, abin shansu ya ƙara kuɗi saboda jiragen ruwa ba sa zuwa kamar da. In sun gama wannan sai ɗaya ya ce, amma dai a ina za ka samu kuku da mai wanki da mai gadi a wannan kuɗin, sauran su gyaɗa kai. Ina tsaye ina ji, ban taɓa cewa uffan ba.

Mu kuwa namu kukan daban ne. Yaƙi ya tsare hanyar kudu, gishiri ya zama abin da mace ke ƙullewa a bakin zane. Kananzir ya gagara, aka koma fitilar man kaɗanya. Manja sai dai a ɗiga. Ladan lebura kuma yana nan inda yake tun kafin a harba bindigar farko. Da rana in an busa usur na hutu, ina ganin mutane ƙarti suna gangarawa rafi su cika ciki da ruwa, su dawo su kwanta a inuwa su rufe ido don kada su kalli mai ci. Ni albashina ya ɗan fi nasu, amma ko a gidanmu Innarku ta koyi yin miya da ɗan yatsa ɗaya na gishiri.

Leburorin nan yawancinsu Gwarawa ne, manoma, aikin gada na rani ne kawai a wurinsu. Babbansu shi ne Baba Danladi, dattijo siriri mai faɗin kafaɗa, wanda bai iya kwana-kwana a magana ba. Shi suka tura ya nemi ƙari. Muka shiga ofis, ya cire hula, ya yi bayani da Hausarsa, ni ina juyawa. Mai Lofe ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ba shi da ikon ƙara ko kwabo, sai manya na Ikko, su kuma ba sa yarda da maganar baki. Ya ce shi kansa yana mamaki, don kullum yana kasuwa yana ganin araha. Amma zai yi adalci: zai je gidan lebura guda ya ga da idonsa abin da ake ci, ya rubuta musu abin da ya gani. In ya ga yunwa, zai rubuta yunwa.

Baba Danladi bai ko tsaya shawara ba.

"Ka gaya wa Oga ya zo gidana ran Lahadi, in mun taso coci. Tukunya yana nan. Ya buɗe ya duba da kansa."

Ƙarin ladan mutum sama da arba'in ya rataya a kan wannan ziyara, kuma kowa ya sani. Ni ma na sani, kada wani ya ce muku yarinta ce ta sa ban gane ba. Amma tun da muka fito daga ofis wani abu daban yake damuna. A gidanmu an tashe mu a kan cewa baƙo ba ya ganin gindin tukunya. Mahaifiyata takan kwana da yunwa ta ba baƙo tuwonta, in ya tambaya ta ce ai ta ci tun ɗazu. In gida ba komai, sai a ɗora ruwa a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi. Wannan shi ake kira rufin asiri, kuma har gobe ban ce mugun abu ba ne. To ga Bature, baƙon da ya ƙetaro teku, za a shigar da shi gida a ajiye masa ruwan kuka ba gishiri, ni kuma ina tsaye da farar rigata. Ya koma barandarsa ya ba abokansa labari, su yi dariya, su ce ashe mutanen su Garba haka suke ci. Na ce wa kaina sunan gari nake karewa. Da na tsufa na gane rigata nake karewa.

Ran Juma'a da yamma na tafi gidan Baba Danladi. Na same shi ya dawo daga gona, ya gama huɗa, tsibin ƙasa reras suna jiran ruwan farko a binne iri. Irin doyar yana jibge a ƙarƙashin wata rumfa a bayan gida, an lulluɓe shi da ciyawa. Na zauna na fara zuba masa wa'azi. Na ce ko maƙiyinka ne ya shigo gidanka ai ka ba shi abin kirki. Na ce za a yi da mutanen Paiko har Ikko. Na ce a ciyar da shi tukuna, in ya ƙoshi zuciyarsa ta yi laushi, sai a faɗa masa damuwa, ni zan tsara maganar yadda za ta shige shi.

"Malam Tafinta," in ji shi, "mutum ya ce yana so ya ga yunwa. Yunwa yana nan, ba sai an saya ba. Me ya sa za mu ɓoye shi?"

"Baba, ni na san Turawa. Ka bar mini."

Wannan kalma, ni na san Turawa, ita ta karya shi. Shi bai yi makaranta ba, ni na yi. Matarsa, Mama Ladi, tana bakin murhu tana ji, kuma na lura maganar baƙo ta fi kama ta, don ita ma ba ta so a ce an shigo gidanta an fita da labari. Ta ce doyar ci ta ƙare tun watan jiya, sai iri. Na ce ai 'yan kaɗan za a taɓa, in ƙari ya fito sai a sayi wani. Baba Danladi ya daɗe yana kallon rumfar nan, sannan ya ce to.

Da na koma gida na ce wa Innarku ta fito da kwanukanta na jere, da sabuwar tabarma, da gishirin da ta ɓoye, da sauran manja, a kuma kama zakaran nan. Ta ajiye abin da take yi ta dube ni.

"Malam, mai ciwo zai je wurin likita, kai kuma kana sa masa kwalli?"

"Ke ba ki san waɗannan abubuwan ba."

"Na san dai kwanukana ne. In Baturen ya tambaya, ka ce masa na wa?"

Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba. Ta tashi ta haɗa kayan. Ita ta wanke kwanukan, ita ta ɗaure su a zane, amma ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba, kuma ba ta taka ba.

Labari ya bazu, kuma kun san mutanenmu. Da aka ji baƙo zai zo, kowa ya manta dalilin zuwansa. Maƙwabciya ta kawo ƙwai huɗu. Bafulatanar da yake sayen kindirmo a wurinta ta aiko da ƙwarya guda kyauta. Wani ya kawo kujera, wani ya ara wa Baba Danladi riga. Ran Lahadi da hantsi na tarar Mama Ladi tana sauke doya daga kafaɗarta, sawu na uku ke nan. Ba 'yan kaɗan aka taɓa ba. Irin doya ƙanana ne, kuma tunda dangi da maƙwabta sun cika gida don ganin Bature, ba yadda za a yi a ba shi shi kaɗai a bar su suna kallo. Ina jin tabarya tana sauka a turmi, ina ganin rumfar bayan gida tana ramewa. Na ga wannan da idona, na juya na ci gaba da gyara shimfiɗar tabarma.

Mai Lofe ya zo da ɗan littafinsa da abin ɗaukar hoto. Aka zaunar da shi, aka jera masa sakwara fara sol a kwanon Innarku, miya ja wur da manja, zakara a kai, ga ƙwai, ga kindirmo. Ya wanke hannu ya ci kamar yadda ya ga muna yi, gumi yana zubo masa saboda barkono, yana ta cewa da kyau, da kyau, wadda ita ce rabin Hausarsa. Mata suna leƙe suna dariya. Wallahi a wannan sa'ar daɗi nake ji, ina ganin mun fita kunya. Da ya ƙoshi ya goge hannu, ya buɗe littafi, ya ce in tambayi maigida ko haka suke ci kullum.

Na tambaya. Baba Danladi ya gyara zama, ya dubi Baturen ido cikin ido, ya yi magana a hankali don kada in rasa ko kalma ɗaya.

"Ka gaya masa tun Kirsimeti nama bai shiga wannan tukunya ba. Ka gaya masa kwano ba nawa ba, gishiri ba nawa ba, riga ma ba nawa ba. Doya da ya ci, iri ne, shi zan shuka. Yara suna ci sau ɗaya, ni da uwarsu wani rana ba ma ci. Mun yi masa wannan don shi baƙo ne. Ka faɗa masa duka, Malam."

Ga hanya a buɗe, wadda ni da bakina na yi alkawarin bi. Amma na dubi ƙashin zakara a gaban Baturen, na ga in na faɗa, to na ce masa ya cinye gonar talaka ke nan, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce wa ya shirya wannan wasa. Na buɗe baki na ce masa da Turanci, maigida ya ce sun gode Allah, kuma sun gode da zuwanka.

"Duk wannan doguwar magana?" in ji Mai Lofe, yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, mutanenmu godiyarsu tana da tsawo."

Ya yi dariya ya rubuta. Baba Danladi ba ya jin Turanci, amma yana jin tsawon magana, kuma ya ga dariyar. Nan aka tsayar da mu, aka miƙa wa direban Baturen abin ɗaukar hoto, ya ɗauki wannan da ke falo.

Bayan sati uku amsa ta zo daga Ikko. Ba ƙari. Mai Lofe ya kira ni ya karanta mini, ba tare da wata mugunta ba, kamar mai ba da labarin yanayi. Ya ce ya rubuta musu gaskiya: ya ci abinci a gidan lebura wanda ko a garinsu ba kowane ma'aikaci ke samu ran Lahadi ba, kuma ya haɗa musu da hoto. Ya ce ya gane gishiri ya ɗan hau, amma mutanen da ƙasa ke ba su komai kyauta ba za a ce suna cikin wahala ba. Sannan ya ce ya yaba da yadda na taimaka, ya sa an ɗan gyara mini nawa albashin. Na karɓa. Ku rubuta wannan ma, na karɓa har na yi godiya. Ni aka sa na tara leburori na sanar da su. Ba wanda ya zage ni, don ba wanda ya san abin da na juya da abin da na haɗiye, sai mutum ɗaya, shi kuma bai tona ba. Da ya tona, da sun yi mini dukan da zan ji sauƙi.

Ruwa ya sauka, kowa ya binne doyarsa. Gonar Baba Danladi ko kashi ɗaya cikin uku ba ta samu iri ba, sauran tsibin suka tsaya ciyawa ta rufe su. Sau biyu ina shirin zuwa in kai masa wani abu, sau biyu ina kai wa bakin hanya in juyo, don ban san da wace fuska zan shiga ba. Innarku ce, ba ta gaya mini ba, ta riƙa aika wa Mama Ladi da ɗan abin da ta rage daga cefane. Da kaka ta yi, abin da ya haƙa bai kai su ko'ina ba, balle ya ajiye iri. Ya bar wa ƙaninsa gonar, ya kwashi iyali ya koma wajen surukansa a Sheda yana yi wa mutane ƙodago. Mutumin da aka sani da doya tun yana saurayi bai sake mallakar gonar kansa ba.

Da gada ta ƙare, Mai Lofe ya kira ni sallama. Ya ba ni hoton nan a cikin ambulan, ya riƙe hannuna.

"Garba, in na koma zan gaya musu. Ana ta cewa ƙasarku talauci, talauci. Na zauna da ku, na ci a gidajenku. Ban taɓa ganin inda rayuwa take da araha da daɗi kamar nan ba."

Mu biyu ne kaɗai a ofis, ba abin da zan rasa, aiki ya riga ya ƙare. Na ce masa, Allah ya kiyaye hanya, ranka ya daɗe. Na tabbata ya mutu yana ba jikokinsa labarin ƙasar da lebura ke cin zakara, kuma ni na koya masa.

Sau ɗaya na sake ganin Baba Danladi. An riga an fara sare daji don birni, ni ina da babur da tumbi. A kasuwar Gwagwalada na hange shi, ya tsufa ƙwarai, yana gadin buhunan wani ɗan kasuwa. Na so in wuce, ya riga ya gan ni. Na sauka na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi jiki. Na fara haɗa kalmomin da na yi shekaru ina ajiyewa, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, yana ɗan murmushi.

"Malam Tafinta, ba sai ka wahala ba. Mun gode Allah. Ko ba haka ka ce na ce ba?"

Ashe daga baya ya sa direban nan, mai jin Turanci, ya faɗa masa abin da na gaya wa Baturen. Shekara goma sha wani abu yana sane, bai gaya wa kowa ba. Na laluba aljihu, ya girgiza kai. Ya ce in gaida Innarku, ya ce matarsa har ta rasu tana sa mata albarka. Ni dai bai ce ya yafe ba, ban kuma iya roƙa ba.

Ban ce ku sauke hoton ba. Ku bar shi inda yake, amma in za ku nuna wa baƙo, ku nuna masa daidai. Kwanukan da ke gaban Baturen na Innarku ne. Abin da ya rage a cikinsu gonar wani ce. Mai farar riga da biro biyu, wanda ya fi kowa washe baki, ubanku ne. Sannan ku duba dattijon da ke hagu, cikin rigar da ta yi masa yawa. Kowa a hoton yana kallon direba, shi kaɗai ne ya juya kai, kuma ni yake kallo.